Sandunan Muzdalifa

Shekarata ta uku a Makka na haɗu da mutumin da muke kira Usta. Babban yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba a lokacin. Ni ruwa nake ɗauka, garwa biyu a jikin sanda, daga matattarar ruwan unguwa zuwa gidajen Larabawa masu hawa huɗu, kuma don tsiya kullum randar tana can hawan ƙarshe. Shi ko dakon ƙanƙara yake yi, daga injin wani attajiri zuwa gidajen gahawa. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, bayan rigarsa kullum a jiƙe.

Iyayensa Zagezagi ne da suka taso aikin hajji tafiya ta tsaya musu a Sudan, can aka haife shi. Ni Bakano ne, don haka ranar da muka san juna ranar muka fara zagin juna. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Bakano, in ya so tsokana ya ce bawansa.

A wani garin jirgin ƙasa ya tashi, inda Indiyawa da Turawa ma'aikatan reluwe suke buga ƙwallon gora, wasan da shi yake kira hoki. Nan ya koya, ya buga har ƙafarsa ta fara nauyi, daga baya aka ba shi horar da 'yan wasan reluwen gaba ɗaya. Aikinsa ke nan shekara tara, a kansa ake ba shi albashi, har da farin wando da usur. Da mahaifiyarsa za ta rasu ta sa shi alkawarin zai ƙarasa tafiyar da suka faro. Ya ajiye usur ya tsallako teku. Ya yi hajji, ya yi aure, ya waiwaya bai ga hanyar komawa ba, sai ya sunkuya aka ɗora masa ƙanƙara.

Ya taɓa ce mana a ofishin reluwe ya ga hoton wata ƙasa inda ake buga wasan nan a kan ƙanƙara, fili guda cur, mutane da wuƙaƙe a ƙasan takalmi. Na ce, "Kai, Zagezagi da shaci-faɗi! Ƙanƙarar da ake saran mana da gatari kamar nama, ita wasu suke takawa?" Ya ce, "Bakano, abin da ba a sayarwa a Kurmi ai kai ba ka yarda akwai shi ba."

Mu masu ruwa ya bi ɗaya bayan ɗaya ya tara. Ya ce wanda zai hau bene da garwa biyu bai zubar ba yana da ƙugu da numfashi, saura hankali, shi kuma zai san yadda zai yi. Bayan la'asar muke fita Kudai, wanda a lokacin fili ne fetal sai yashi da duwatsu, mu share tsakuwa da ƙafa, mu kafa garewani a madadin raga. Ba ya ihu. In ka yi shirme sai ya yi tsaki ɗaya, kuma wallahi gara mari da tsakin nan. Ba ya kallon ƙwallo, ƙafafunmu yake kallo. Ni matsalata rowa, in ƙwallo ta zo hannuna ba na son rabuwa da ita. Sai ka ji shi daga gefe: "Bakano, ba ciniki ake ba, saki!" Ya taɓa hana ni taɓa ƙwallo mako guda, sai gudu gefen fili ina nuna da hannu inda ya kamata a ba da ita. Na yi fushi na ce na daina zuwa. Washegari ni na riga kowa isa.

Abin da ba mu da shi sanduna. Uku na gaskiya ya zo da su daga Sudan, ɗaya duk ɗaurin waya. Sauran daga katakon akwati yake fafe su, bugu biyu uku sun tsage. Karɓa-karɓa muke yi, shekara biyu cur.

Ana haka wani Ba'indiye mai shagon yadi ya ji labari ya zo kallo. Ya tsaya har magariba, sannan ya kira Usta gefe. Ya ce 'yan'uwansa Musulmi masu aiki a tashar jirgin ruwan Jidda suna da ƙungiya, zai gayyato su bayan alhazai sun watse. Bai ce sai mun ci su ba. In dai muka tsaya musu goma sha ɗaya da goma sha ɗaya ba a yi mana dariya ba, zai kafa kulob, ya aiko da kaya daga ƙasarsu, Usta ya zama mai horarwa, ya bar ƙanƙara har abada. Usta ya ce ko zai taimaka da sanduna tun yanzu. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, ya ce sai ya ga kaya tukuna.

A hanyar gida ranar nan, da muka kusa unguwa, Usta ya dube ni. Ya ce, "Bayana ya gaji, Bakano." Ban taɓa jin ya ambaci ciwo ba sai ran nan. Mun dai san yana tari, mun san in zai miƙe daga sujada sai ya dafa bango.

Ya ce sandar kirki ba ta fitowa daga katako, sai reshen da ya tanƙware da kansa tun yana ɗanye, kuma magarya ta fi. Amma kowa ya san itacen Harami ba a sara, ko ƙayarsa ba a karyawa. Dole a fita iyaka. Ni na ɗaga hannu, don na fi kowa baki. Ya zana mini irin lanƙwasar da yake so a ƙasa, ya ce, "Ka wuce Arfa tukuna, kwazazzaban da ke bayanta. Kada ka sa gatari sai ka bar Arfa a bayanka." Na ce na ji, ai ba yaro ya aika ba.

Na ari jakin wani mai gawayi na fita bayan asuba. Na wuce Mina, tana nan shiru ba kowa sai awaki. Kafin in kai Muzdalifa rana ta buɗe, jakin nan ya fara nuna mini halinsa, ni kuma ƙafata ta fara zafi a yashi. Na ratse wani kwazazzabo don in sha inuwa, sai ga magarya har biyar a jere, rassansu a tanƙware kamar an saka su don mu. Na tsaya ina kallo. Na ce a raina, gidaje sun ƙare tun ɗazu, Mina ma tana baya, wane Harami kuma a wannan dajin? Sau biyu na taɓa bi ta wurin, duk a cikin turmutsitsin alhazai, ban san akwai wasu ginshiƙan iyaka can gaba ba. A tunanina Usta ya ce Arfa ne don can ya san akwai itace. Ga shi Allah ya kawo mini kusa. Na yi bismilla, ka ji fa, har da bismilla, na sa gatari.

Reshe goma sha huɗu na sara. Na yi barcina a gindin dutse, la'asar sakaliya na shigo unguwa ina tafe ina taƙama, mutane suna fitowa kallo. Usta ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya shinshina, fuskarsa ta washe.

"Har ka je ka dawo?"

"Ƙafar Bakano ce, ba irin taku ba."

"Arfa?"

"Can wajen."

Wannan "can wajen" ita ce ƙaryata. Ban san na yi saɓo ba, amma na san ban je inda aka aike ni ba.

Mako shida ya yi a kansu. In ya sauke ƙanƙarar ƙarshe sai ya zauna ƙofar bukkarsa ta kwano da buhu, ya ɓare, ya sassaƙe, ya gasa a wuta sama-sama, ya danne da dutse. Kowa sai da ya tsayar da shi ya auna daga ƙasa zuwa ƙugu. Ya naɗe mariƙin da fata. Matarsa, da muke kira Inna, ta yi ta mita a kan man riɗinta da yake sata yana shafa musu, tana cewa ita ba ta taɓa ganin gidan da sanda ke cin mai miya na kallo ba. Ranar da muka fara bugawa da su, mai tsaron ragarmu, wani ƙaton Basakkwace, ya sumbaci tasa. Kwana goma muka yi atisaye da su, har ni na fara ba da ƙwallo ba a roƙe ni ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka sa wasan. Ranar Alhamis da azahar na je gidansa na taras shi kaɗai yana yi musu shafar ƙarshe. Yana cikin nishaɗi, har da 'yar waƙarsa ta Sudan. Ya ce in kulob ya kafu zai so ya ga wurin nan da idonsa, don irin wannan magarya ba a ko'ina take ba. Ni kuma baki ya ja ni. Na shiga kwatance, ka wuce Mina, ka shiga fili, kafin hanya ta matse tsakanin duwatsun nan biyu ka ratse hagu.

Hannunsa ya tsaya.

"Kafin matsatsin?"

"Kafin."

"Ka wuce alamun?"

"Waɗanne alamu?"

Ya ajiye tsumman. Ya daɗe yana kallon sandunan a jere jikin kwano. Sannan ya ce, a hankali, "Bakano, Muzdalifa ai cikin Harami take."

Nan take na gane abin da na yi. Amma ni mutum ne da in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce ai na taɓa jin wani malaminmu yana cewa an yi sauƙi a kan asuwaki da sanda. Ya ce, "Sandar da tsoho zai dogara ya je masallaci, ko wadda ƙarti za su bi ƙwallo da ita?" Na ce an riga an sara, mayar da su ba zai tsirar da su ba, mu yi istigfari mu buga wasanmu. Na ce daga ni sai shi sai Allah, wa zai sani? Ya ce, "Ka lissafa har uku, kana tambaya wa zai sani."

Nan na tashi tsaye ina ɗaga murya. Na ce shekara biyu muna cin yashi, na ce ya tuna bayansa, ya tuna Inna, na ce taurin kan Zagezagi ne kawai ba tsoron Allah ba. Allah ya yafe mini, har wannan na faɗa. Ya bar ni na gama. Ya ce shi ba malami ba ne, ba zai ce wa kowa ga hukunci ba. Amma uwarsa ta mutu da sunan wurin nan a bakinta ba ta gan shi ba, shi ba zai gina abincinsa a kan itacen da aka sara a cikinsa ba. Ya ce kwana goman da muka yi ba mu sani ba, gobe kuwa ya sani.

Na ce to, sai a gaya wa jama'a gaskiya, kowa ya san dalili.

Ya ce, "Wa unguwa ta gani da jaki?"

Ni ta gani, ina tafe ina taƙama.

"In na faɗa gobe a gaban taro, kafin Asabar maganar tana kunnen masu bulalar kasuwa, dogaran addinin nan. Kana da takardar zama?"

Ba ni da ita. Yawancinmu ba mu da ita a lokacin, kuma wanda aka kama da laifi ba takarda, bayan bulala sai Jidda, sai jirgin mayar da mutum gida. Matata tana da ciki wata bakwai.

"To ka rufe bakin nan naka, sau ɗaya dai a rayuwarka."

Kuma na rufe. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyarsa. Na yi ta zuba a kan haƙƙinsa, amma ana ambatar jirgi na yi tsit, har wani sanyi na ji a raina da ya ɗauke mini laifin.

Ya ce sandunan ba a ƙona su, ba a sayarwa, in mayar da su inda na samo. Da asubar Juma'a na sake aron jakin, na lulluɓe su da buhu. Na jera su a gindin magaryun, inda saran gatarina ke nan fari tas. Na dawo da ƙyar na sami salla.

Bayan la'asar Kudai ta cika. Mutanenmu, Larabawan unguwa, 'yan tsibirin Jawa, har da masu tallan ruwa a tulu. Motar Jidda ta iso, suka diro da fararen kaya iri ɗaya, kowa da sandarsa mai ƙyalli. An kawo wa mai yadi kujera da laima. Mu muna tsaye hannu rabbana, muna jiran Usta ya iso da buhu. Ya iso da tsofaffin sandunansa uku da biyu na katakon akwati.

Ya je wurin shugaban 'yan Jidda ya roƙi a buga biyar da biyar. Mutumin ya ce ba su sha ƙurar hanya don wasan yara ba. Usta ya tambaya ko suna da sandunan aro, suka ce biyu ne. Mai yadi ya taso ya ce me ke faruwa. Usta ya tsaya a tsakiyar fili, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya faɗa da Larabci, ya maimaita da Hausa.

"Ba mu shirya ba."

Basakkwacen nan ya yi kukan kura. "Ina sandunanmu, Usta?"

"Ba su yi ba."

"Ba su yi ba kamar yaya? Shekaranjiya da me muka buga?"

"Ni ne mai horarwa. Na ce ba mu shirya ba."

Wani daga cikin taro ya ce ya ga fararen kaya ne cikinsa ya ɗuri ruwa. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce dama labarin Sudan ɗin nan wa ya gani? Mai yadi ya sa aka naɗe laimarsa. Basakkwacen ya tofar da yawu a gaban Usta, mutumin da ya koya masa tsayuwa. Ina nan tsaye, taku huɗu tsakanina da su, ina kallon yatsun ƙafata.

Ƙungiya ba ta sake haɗuwa ba. Mai yadi ya mayar da sha'awarsa kan ƙwallon ƙafa, wasu daga cikinmu suka bi shi. Usta ya koma ƙanƙara, ya yi shekara huɗu yana ɗauka har ranar da ya durƙusa a bakin wani gidan gahawa aka kasa miƙar da shi. Daga nan sai zama, yana sassaƙa ludayi da muciya a ƙofar gida.

Sunan kuwa ya bi shi. Ba-Mu-Shirya-Ba. Da fari a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Mata su ce a je gidan Ba-Mu-Shirya-Ba a sayo muciya. Waɗanda suka zo Makka daga baya sun ɗauka sunansa ke nan. Yana amsawa. Kuma bai taɓa canza mini fuska ba, ko sau ɗaya. Shi ya yi wa 'yata huɗuba, ya ce Allah ya sa kada ta gado bakin ubanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na riƙa kai musu ruwa kullum ba a tambaye ni ba, Inna tana sa mini albarka, ni kuma albarkar tana ƙona ni, don ita ma bai gaya mata ba.

Sai da aka shekara tara da wannan rana kafin takardata ta fito. Ranar da na karɓa ban biya gida ba, na wuce gidan gahawar da tsofaffin 'yan wasanmu ke zama. Uku suka rage, sauran sun koma gida ko sun riga mu. Na faɗi komai, tun daga jaki har buhu. Basakkwacen ya riƙe baki ya ce, "Allah Sarki, Usta." Sannan ya ce, "To ai da ya faɗa mana a asirce." Ɗaya daga cikinsu ma sai da aka tuna masa wane wasa ake nufi. Aka kawo shayi, hira ta koma kan tsadar haya. Na ɗauka duniya za ta girgiza, ashe na makara, ba wanda abin ya dama kuma.

Na je na gaya wa Usta abin da na yi. Yana kwance a tabarma, ya rame. Bai ce na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Ya ce in matso.

"Bakano, tsakaninka da Allah. Da mun buga, da mun tsaya musu?"

Na ce, "Da mun cinye su, Usta."

Ya yi tsakin nan nasa. "Ƙarya kake. Da sun zuba mana uku." Ya yi tari, ya huta. "Amma da mun ci ɗaya. Ta gefen dama, in da ka saki da wuri."

Ashe duk shekarun nan yana buga wasan a kansa. Na fita waje na yi kuka kamar mace mai takaba, ba na jin kunyar faɗa.

Bai kai azumi ba. Muka ɗauko shi da hantsi za mu kai Harami a yi masa salla da azahar, mu kaɗan ne, ina riƙe da gaban makara. A bakin kasuwa wani mai shago ɗan ƙasarmu ya taso ya ce wa ya rasu. Na faɗi sunansa na yanka da na mahaifinsa. Ya girgiza kai. Na ce Usta, wanda ya horar da 'yan wasan reluwe a Sudan. Bai gane ba. Na ce mai ƙanƙara, mai muciya. Ya dai tsaya yana kallona, makara tana nauyi a kafaɗata, na baya suna jira.

Da bakina na faɗa. Na ce, "Ba-Mu-Shirya-Ba."

Ya ce, "Inna lillahi! Shi ne?" Ya ja ƙofar shagonsa ya rufe, ya zo ya karɓi ɗaya gefen.